Yadda ake rage wa yaro nauyi idan shi ke jinyar marar lafiya a gida

Duk wanda ya shigo dubiya tambayarsa ɗaya ce: "Ya mai jiki?" A amsa masa da sauƙi, ya ajiye ledar lemo da ayaba, ya yi addu'a, sannan ya waiga ga yarinyar da ke tsaye bakin ƙofa da buta a hannu ya ce, "Sannu da jinya, Allah ya yi miki albarka." Daga nan sai takalmi. Ba wanda ya tambaye ta ƙarfe nawa ta kwanta jiya, ko rabonta da aji.

Na yi aikin jinya a asibiti har na ajiye, yanzu kuma gidajen unguwa nake shiga idan an sallamo marar lafiya. Kafin duk wannan, ina 'yar shekara 15 ɓarin jikin mahaifiyata ya shanye, ni na yi jinyarta. Saboda haka abin da zan faɗa na san shi ta fuska biyu. Albarkar da ake sa wa yaran nan gaskiya ce, ina ganin tata a kaina har yau. Amma albarka ba ta maye gurbin barci, ba ta rubuta jarrabawa. Wannan bayani na goggo ne da kawu da baffa da maƙwabciya da malamin makaranta, duk wanda ya ga yaro a wannan hali yana son ya taimaka bai san ta ina zai kama ba. Yawancin misalaina na shanyewar ɓarin jiki ne don shi na fi gani, amma tsarin zai yi aiki ga mai sikila, mai farfaɗiya, mai taɓin hankali, da tsohon da ya rikice.

Abin da za ku tanada

Littafin rubutu ɗaya da biro. Kada ku raina shi, shi ne ginshiƙin aikin duka.

Leda mai kauri ta shimfiɗawa a kan katifa, wadda a asibiti muke kira makintosh. In babu, sabuwar ledar teburin cin abinci ta wadatar, a ɗora zani a kanta don kada fata ta taɓa ledar.

Zanin gado aƙalla 3, da tsofaffin zannuwa na atamfa da suka yi laushi.

Safar hannu ta roba, sabulu, basilin, da Jik na wanke fo da ƙasa.

Fo, ko kujerar roba mai hannu da aka huda tsakiyarta aka sa bokiti a ƙasa. Masu gyaran roba suna yin ta cikin mintuna, a goge bakin hudar ya yi santsi.

Filo 3 ko 4. Buhun da aka cusa wa tsummokara aka sa masa riga ma filo ne.

Fitila mai caji, da waya mai kati da za ta zauna a ɗakin.

Na'urar awon hawan jini mai batir, idan ciwon na hawan jini ne. In ta yi muku tsada, ku shirya da mai kemis na kusa ya riƙa aunawa.

Sai abu mafi wuyar samu: babban mutum ɗaya da zai ce "ni ne alhakin yaron nan yake wuyana", da wasu mutum biyu ko uku da za su ba da lokacinsu.

Mataki na 1: Ku zauna da yaron shi kaɗai

Ba a gaban marar lafiya ba, ba a gaban uban gida ba. Ku aike shi gidanku da wani uzuri, ku ba shi abinci, sannan ku buɗe littafi. Kada ku tambaye shi "Kana gajiya?" ko "Akwai matsala?" Yaron da aka yi wa tarbiyya ba zai taɓa cewa ya gaji da uwarsa ba. "Ba komai, Goggo" za ku ji, ko da idonsa ya faɗa. Tambayar da ke buɗe baki ita ce ta lissafi: "Jiya da kika tashi asuba, me kika fara yi? Daga nan fa? Sau nawa kika tashi cikin dare? Wa ya ɗebo ruwa? Wa ya dafa? Wa ya kai ƙannenki makaranta?" Ku rubuta duka, da lokacinsa, daga asuba zuwa asuba.

Na taɓa yin wannan da wata yarinya 'yar shekara 14 mai jinyar kakarta. Da muka gama, shafi biyu ya cika, barcinta bai kai awa 5 ba, kuma a yanyanke. Masu shekara 13 zuwa 18 suna bukatar awa 8 zuwa 10. Da na nuna wa baffanta takardar sai ya yi shiru, can ya ce, "Wallahi na ɗauka miƙa ruwa kawai take yi." Ba mugunta ba ce, shi da safe yake fita, da dare ya tarar an gyara tsohuwa fes. Aikin jinya in an yi shi da kyau ba a ganinsa.

A ƙarshe ku tambaye shi abu biyu: wane aiki ya fi ƙi a ransa, kuma me ya daina yi da yake so. Amsar ta farko sau da yawa ba wadda kuke zato ba ce. Wani ba wankin kashi ne ke damunsa ba, tsoron dare ne, kada marar lafiya ya cika yana barci a ce laifinsa ne.

Mataki na 2: Ku raba ayyukan kashi uku

Ku ɗauki shafukan nan ku sa wa kowane aiki alama. Kashi na farko abin da yaro zai iya kuma bai kamata a hana shi ba: hira da marar lafiya, ba shi abinci in yana haɗiya lafiya, shafa mai, kawo ruwan alwala ko dutsen taimama, karanta masa abin da yake so. Kada ku ƙwace wannan. Yaro yana son ya yi wa iyayensa hidima, in kun ture shi gaba ɗaya zai ji kamar an ce ya gaza.

Kashi na biyu sai da babba a kusa: wanka, juyawa a kan gado, kai wa asibiti.

Kashi na uku ba na yaro ba ne ko kaɗan, kuma a nan nake kafewa ko za a ji haushina. Ɗaga babban mutum shi kaɗai daga ƙasa zuwa kujera. Kwana da marar lafiya kowane dare babu canji. Yanke shawarar ƙara magani ko rage shi. Zama shi kaɗai da mai taɓin hankalin da ke duka ko yake maganar kashe kansa. Nemo kuɗin magani ta hanyar talla ko bara. Sai kuma tsarkin tsiraicin wanda ba jinsinsa ba: 'ya mace tana wanke mahaifinta, ko saurayi yana canza wa mahaifiyarsa ƙunzugu. Lalura tana sa a yi, na sani, amma kunyar tana cin su biyun. Na ga dattijon da ya daina shan ruwa da gangan don kada fitsari ya kama shi 'yarsa ta zo, har ƙodarsa ta fara taɓuwa. In akwai namiji ɗaya a dangi ko a maƙwabta, wannan aikinsa ne, safe da yamma.

Mataki na 3: Taron dangi da jadawali

Ku kira taro, amma kada ku kira shi da sunan "yaron nan yana wahala", sai kowa ya fara kare kansa, matar gida ta ji ana zarginta. Ku ce likita ya ce jinyar za ta daɗe, a zo a tsara. Babban da ake jin maganarsa shi zai buɗe, ku kuma ku karanto ayyukan kashi na biyu da na uku ɗaya bayan ɗaya, kowanne a tambaya wa zai ɗauka.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne karɓar "in sha Allahu za mu riƙa leƙowa". Wannan ba alkawari ba ne. Abin da ake so suna da rana da lokaci: Inna daren Litinin da Alhamis, Kawu wankan safe kafin ya tafi kasuwa, Yaya ranar asibiti. A rubuta a manna a bayan ƙofa. Wanda ke nesa, Legas ko Abuja ko ƙasar waje, a yanka masa abu takamaimai, ko maganin wata ko ladan mai wanki, ya riƙa turowa ranar da aka sa. Zumunta a ƙafa take, amma wanda ƙafarsa ba za ta kawo shi ba aljihunsa ya iso.

Kuɗin kuma kada ya zauna a hannun yaron. In ya ƙare shi za a tuhuma. Babba ya riƙe, a rubuta shiga da fita a ƙarshen littafin.

In dangin babu, ko akwai amma sun juya baya, ku je wurin mai unguwa da limamin masallacin da marar lafiya yake salla, ko fasto in Kirista ne. Matan Islamiyya da 'yan adashin uwar gida sun fi kowa saurin amsawa in an faɗa musu abu ƙarami bayyananne, kamar tuwon dare ranar Talata. Mutane ba sa gudun taimako, abin da ba shi da iyaka suke gudu.

Mataki na 4: Ku koya masa abin da ya rage a hannunsa

Rabin gajiyar yaro tsoro ne, don ba wanda ya nuna masa yadda ake yi. Ranar sallama a asibiti da manya ake magana, alhali shi zai yi aikin. Ku tafi da shi ranar komawa, ku roƙi nas ko mai gashin ƙashi ya nuna masa da hannu.

Juyawa. Wanda ba ya iya motsa kansa ana juya shi duk bayan awa 2: dama, baya, hagu. A ninka zani a shimfiɗa shi a ƙarƙashinsa daga kafaɗa zuwa cinya, mutum biyu su kama gefe da gefe su ja zanin, ba jikin ba. Filo ɗaya a baya, ɗaya tsakanin gwiwoyi, ɗaya ƙarƙashin ƙwauri don diddige ya tashi daga katifa. Kada a taɓa jan hannun da ya shanye, kafaɗar tana gocewa, ciwon kuma ya zauna.

Duba fata. Kullum lokacin wanka a duba ƙashin baya na wajen mazaunai, ƙugu, diddige, gwiwar hannu, kafaɗa da ƙeya. Littattafai suna cewa a nemi ja, amma a baƙar fata ja ba ya fitowa sosai. Abin da za ku gani wuri ne da ya fi kewayensa duhu, ko ya yi ɗumi, ko tauri. Kada a murza shi, kada a gasa da ruwan zafi. A ɗauke nauyi daga kansa, in fatar ta buɗe a kira ma'aikacin lafiya. Gyambon kwanciya cikin kwanaki yake buɗewa, warkewarsa watanni, kuma duk wahalar wankinsa kan yaron za ta koma.

Ciyarwa. A zaunar da shi sosai, ba a kishingiɗe ba. Ƙaramin cokali, a jira ya haɗiye kafin na gaba. Marar lafiyan da ke ƙwarewa wajen haɗiya ya fi samun sauƙi da kunu mai kauri ko fate a kan ruwa tsararo. Bayan an gama a duba kumatun ɓangaren da ya shanye, abinci yana maƙalewa a nan, sannan ya zauna rabin awa kafin a kwantar da shi. In yana tari duk lokacin cin abinci, ko muryarsa ta koma kamar mai kurkure, a gaya wa likita, don abinci na iya bi ta huhu. Wanda ya suma kuwa ba a ɗura masa komai, ko ruwa ko rubutu ko zuma.

Magani. Babba ya zauna duk Juma'a ya rarraba na mako a ƙananan ledoji ko ambulan, a rubuta rana da safe ko dare. Aikin yaro ya buɗe ya bayar, ya sa alama a littafi. Ragowar, musamman na barci da masu ƙarfi na kashe zafin ciwo, a kulle su. Maganin hawan jini da na farfaɗiya ba a dainawa don an ji sauƙi. Za a zo da wani mai sassaƙe ya ce a ajiye na asibiti, kuma yaro ba zai iya musu da baffansa ba. Ku ba shi amsar da zai fake da ita: "Goggo ta ce kada a canza komai sai an kira ta."

Mataki na 5: Takardar gaggawa

Shafi ɗaya, manyan baƙi, a jikin bango. A sama lambobin waya uku na manya, da ta mai a-daidaita-sahu ko mai motar da ya yarda a tashe shi da dare. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, ku rubuta ta, amma kada ta zama ita kaɗai. A ƙasa alamomin da ba a jira gari ya waye: baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, numfashi ya yi wuya, suma, ko awon jini ya kai 180 bisa 120 tare da ciwon kai ko dishi-dishin gani. Ga mai sikila, zazzaɓi da ciwon ƙirji da ɗashewar ido. Ga mai farfaɗiya, jijjigar da ta wuce minti 5. In ta tashi, kafin babba ya iso a kawar da wuta da ruwa da abin yanka, a juya shi gefe, kada a cusa masa cokali a baki, kuma yawunsa ba ya sa wa kowa ciwon. Katin asibiti da ɗan kuɗin mota su zauna a leda ɗaya a wurin da yaron ya sani.

Ku faɗa masa a fili, ku maimaita: in wani abu ya faru, aikinsa ya kira babba, ba laifinsa ba ne.

Mataki na 6: Makaranta

Ku je da ƙafarku ku ga malamin ajinsa, da izinin yaron, don wasu ba sa so abokai su sani. Yawancin malamai latti da gyangyaɗi kawai suke gani, su yi bulala. In sun san dalili, da wuya su ƙi sassautawa. Ku nemi abu uku: a daina dukansa kan latti, a haɗa shi da aboki mai ba shi aron littafi ya kwafa, a kira ku in ya yi fashin kwana biyu a jere.

In yana ajin ƙarshe na sakandare, ku duba jadawalinku tun da wuri. WAEC wajen Mayu da Yuni ake yin ta, NECO ta biyo baya, watannin nan dole a cire shi daga kwanan jinya ɗungurungum. Wanda ya riga ya bari, kada a ce sai marar lafiya ya warke. Shanyewar jiki tana kai shekaru. A mayar da shi ko makarantar yamma ce, ko koyon sana'a na rabin wuni.

Ku kuma lura da wanda ake cirewa. Gida mai samari uku da 'ya mace ɗaya, ita ake ce wa ta zauna, su suna majalisa. Saurayi ɗan shekara 17 ya fi ta ƙarfin juya mahaifinsa, ɗebo ruwa da wanki kuma ba su taɓa rage wa namiji komai ba.

Mataki na 7: Abin da ake samu a waje

A Ingila wata doka ta 2014, da ta fara aiki a 2015, ta ɗora wa ƙananan hukumomi su binciki bukatun duk yaron da ke jinyar wani a gida. Mu a nan sai an bi ƙofa ƙofa, amma ƙofofin akwai su. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ta hanyarsa hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohi, irin su KSCHMA a Kano, suke yi wa marasa galihu rajista kyauta a asibitocin unguwa da aka zaɓa. Gurbin yana da iyaka, don haka ku tambayi shugaban asibitin mazaɓarku, ku kuma riƙa komawa. Jihohi da dama suna da hukumar zakka, ta Kano ita ce Hukumar Zakka da Hubusi, ana kai takardar likita da shaidar mai unguwa. Dokar hana nuna bambanci ga masu nakasa da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ce a fara sallamar su a layi; ku faɗi haka cikin ladabi a wurin yankar kati, yana iya cece ku awoyi.

Gashin ƙashi kada a yi wasa da shi, don duk abin da marar lafiya ya koma yi da kansa, ko riƙe kofi ne, an sauke wa yaron shi ke nan. Manyan asibitoci irin na Malam Aminu Kano da na ƙashi na Dala suna da sashen. In zuwa kullum ba zai yiwu ba, ku je sau ɗaya a wata, a ɗauki motsa jikin a waya, a riƙa yi a gida. Masu taɓin hankali akwai asibitocin Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, da na Maiduguri. Zirga-zirgar nan duk ta manya ce.

Mataki na 8: Hutu, da abin da ke cikin ransa

A jadawalin nan a sa wuni ɗaya a mako da sunan yaron, wanda ba ya jinya, ba kuma a cike masa shi da wanki. Ya je ƙwallo, ta je kitso ko gidan ƙawa. Da farko zai ƙi fita, ko ya fita ya dawo bayan awa ɗaya. Ku sa marar lafiyan da bakinsa ya ce, "Je ki, 'yata, na yarda." Wannan kalma ta fi duk lallashinku.

Wata rana zai faɗi abin da zai ba ku tsoro: "Wani lokaci sai in ji haushinta", ko "Na taɓa cewa a raina gara a huta." Kada ku yi salati ku hau wa'azi. Ni ma na ji haka a kan mahaifiyata, na ɓoye shi shekaru ina ganin na zama 'yar wuta, sai da na fara aiki na ji manyan mata masu jinya suna faɗar irinsa suna kuka. Ku ce masa gajiya ce ke magana, ba ƙiyayya ba, sannan ku koma ku duba jadawalin, don alama ce wani ya daina zuwa ranarsa.

Labarin zuciya a tambayi fuska. Rama, yawan ciwon kai, daina magana, dukan ƙanne, fitsarin kwance ga wanda ya daina, duk ku lura. Samari wasu suna fara shan ƙwaya don su iya tsayuwar dare. 'Yan mata kuma akwai masu zuwa da sunan taimakon kuɗin magani da wata manufa, ku san wa ke ba ta kuɗi. In yaro ya ambaci kashe kansa ko ya daina cin abinci, ranar za ku kai shi asibiti, ba gobe ba.

Mataki na 9: Bibiya

Jadawali yakan yi mako uku da ƙarfi, daga nan biki ya taso, wani ya yi tafiya, a hankali komai ya gangaro kan yaron ba wanda ya lura. Duk ƙarshen wata ku sake zaman mataki na 1, ku rubuta wuninsa daga asuba zuwa asuba, ku gwada da na baya.

In Allah ya karɓi marar lafiyan, kada ku rufe littafin ranar sadakar bakwai. Yaron da ya yi shekara biyu yana tashi ƙarfe biyun dare zai ci gaba da farkawa a lokacin, ya rasa abin yi da hannunsa. Wani zai yi ta tambayar ko maganin da ya makara bayarwa ne sanadi. Ku kai shi wurin nas ko likitan da ya san ciwon ya yi masa bayani da bakinsa. A canza masa ɗakin kwana, a ba da katifar da kujerar ga wani mai bukata in ya yarda, kuma kafin dangin da suka zo gaisuwa su watse a tsayar da wanda zai biya kuɗin makarantarsa na zango mai zuwa, a rubuta sunansa a shafin ƙarshe.